Inna da Sana'o'inta Bakwai

 Ina taya mu murnar zagayowar ranar da aka kafa ƙungiya. Allah Ya ƙara haɗa kanmu.

Da kwamiti suka ce in rubuta wani abu na tarihi, cewa na yi ni da na riƙe biro da girmana, me na sani a tarihi? Sai sakatariyarmu ta ce, "To rubuta na Inna mana." Da yawanku kun san ta. Wasunku ita ta yanke muku cibiya, wasu kuma a hannunta iyayenku suka sayi kwanukan aurenku. Ta rasu bara bayan babbar Salla, tana da shekara tamanin da biyar ko kusa da haka. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Inna ba ta san shekarar bature ba. Lissafinta shi ne "shekarar da Sarki ya rasu", "shekarar da gyaɗa ta mutu", "shekarar canjin kuɗi na soja". Ɗana da ke sakandare ne ya zauna da ni muka riƙa ɗora waɗannan a kan lambobi. Da muka jera su sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba tana raye. Mu mun ɗauka son neman kuɗi ne ya sa ta yi sana'a har bakwai. Ashe kusan duk wadda ta bari, zamani ne ya ƙwace mata ita, ita kuma ta ƙi zama saboda akwai bakunan da ke jiran ta.

Mazari

An haife ta a wani ƙauye a ƙasar Kura lokacin da ake fara yaƙin Hitila, wajen 1939 ke nan. Manya sun gaya mata ba a daɗe da yaye ta ba aka shiga yunwar da ake kira 'Yar Gusau, ta 1942. Ba ta tuna yunwar, amma har ta koma ga Allah ba ta iya ganin an zubar da ƙanzo.

Sana'arta ta fari kaɗi ce, kamar kowace yarinya a lokacin. A gurje auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sannan a zauna da mazari da taskira, ana dangwalar alli a yatsu ana murzawa. Akwai abawa mai kauri, akwai siririn zare wanda ya fi kuɗi. Ta ce ranar kasuwa ake kai wa masaƙa, su saƙa sawaye, a kai marina a Kura a rina, a buga har ya riƙa ƙyalli. Wannan shi ne turkuɗin da Buzaye ke saye suna naɗawa a can wajen Agadas. Yarinyar da ba ta taɓa wuce bakin kasuwar ƙauyensu ba, zarenta ya shiga hamada.

Kuɗin lokacin fam ne da sule da kwabo. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Akwai sisi, akwai taro, akwai anini mai huda a tsakiya. Da irin waɗannan ta fara zubin adashi a wajen wata gwaggonta tun ba ta san amfaninsa ba. Da kuɗin aka ƙara mata tasoshi a kayan ɗaki.

An kawo ta birnin Kano aure a shekarar da Sarki Alhaji ya rasu, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, 1953. Tana da kamar shekara goma sha huɗu. Ta zo da mazarinta, ta ci gaba da kaɗi a cikin kulle. Amma yadin kanti ya riga ya fara cika kasuwa, ga shi a 1957 an buɗe babbar masaƙar zamani a Kaduna, daga baya wasu suka biyo a nan Kano. Zaren inji ya fi araha, ya fi daidaito. Masaƙan gargajiya da kansu suka koma sayensa. Ta ce wata rana aka dawo mata da zarenta daga kasuwa ba a ko taya ba. Sai ta naɗe mazarin a tsumma ta jefa ƙasan adaka. Yana nan wajena yanzu.

Gyaɗa

Babanmu a lokacin lebura ne a wajen dalar gyaɗa da ke kusa da Ƙofar Mazugal. Yaran yanzu a hoto kawai suke ganin dalar. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama abin da Arewa ke sayarwa ƙasashen waje. Buhu dubbai ake jerawa har ya yi tsini, yana jiran jirgin da zai kai shi Ikko. Sunan Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ake fara kamawa in ana zancen wannan ciniki. Amma a bayan katangun gidaje akwai wani cinikin gyaɗar da ba a ɗauki hotonsa ba, shi ne na mata.

Inna ta koyi yin mai a wajen uwar mijinta. A soya gyaɗa, a murje, a fece ɓawon, a daka a turmi har ta yi laushi, a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso. A kwashe a ɗura a kwalabe, a matse tunkuza, a mulmula a soya ƙuli-ƙuli. Babu injin markaɗe a unguwa a lokacin, duk da ƙarfin damtse ne. Tun kiran assalatu take tashi. Kuma kun san matar kulle ba ta fita, ƙafafunta su ne 'ya'yanta. Yayyena mata duk sun yi tallan mai da ƙuli.

Shekara kusan ashirin tana wannan sana'a, a cikinta ta yi yawancin haihuwarta. Haihuwa goma sha ɗaya ta yi, mu shida muka rayu. Biyu ƙyanda ce ta ɗauke su a mako guda, da bazara. Ba ta cika zancen ba. In an taɓo sai ta ce, "Sun riga mu," ta kama wani aiki. Amma na lura duk ranar da masu allurar rigakafi suka shigo unguwa, ita ce ke bi gida-gida tana cewa a fito da yara. Ta ga zamanin agana da idonta, ta ga yadda lamba ta kawar da ita, don haka ba a yi mata gardama a wannan.

A ranar 1 ga Janairun 1973 aka daina fam aka koma naira. Fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Ta ce wata guda tana rigima da 'yan talla a kan canji, kuma har tsufanta in ta ce "sule biyar" sai ka lissafa da kanka. Wannan bai dame ta ba kamar abin da ya biyo baya. A shekarar aka yi babban farin da ya kashe dabbobi da amfanin gona tun daga nan har Nijar da Chadi. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa. Gonaki suka ƙanƙance, manoma da yawa suka bar shuka ta. Hankalin gwamnati kuma ya riga ya koma kan man fetur. Dala ta ƙare, aikin Baba ya ƙare, mudun gyaɗa ya yi tsadar da in ta yi mai ba ta mayar da uwar kuɗi. Sana'a ta biyu ta tafi.

Keke

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A farkon 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin da ake kira Udoji, har da bashin watannin baya. Kuɗi suka yi yawa a gari, kaya suka yi tsada, kowa yana son ɗinka sabo. A 1976 kuma aka fara shirin firamare kyauta ga kowa, UPE, yara suka cika makarantu, kowane yana buƙatar kayan makaranta. Inna ta duba ta ga inda kasuwa ta nufa. Ta roƙi matan adashinsu su ba ta kwasar farko, ta haɗa da kuɗin tasoshinta biyu da ta sayar, ta sayi keken ɗinki Singer na hannu, wanda aka riga aka yi amfani da shi. Wata maƙwabciyarmu Bayarabiya ce ta koya mata, ita kuma tana biyan ta da ƙuli da aikin gida.

Ba ta iya karanta tef ba. Da taƙi take awo, da igiya mai ƙulli. Amma rigar da ta yanka ba ta yi wa yaro kaɗan. Daren Salla ba ta barci, fitilar ƙwai na gefenta har asuba. Baba kuma ya samu aiki a wata masaƙa a Bompai. Yayyena suna cewa waɗannan su ne shekarun da gidanmu ya fi jin daɗi, har da shayi da burodi da safe.

A cikinsu aka haife ni, ni ce auta. Ina goye a bayanta ta je ta jefa ƙuri'a a 1979. Ku 'yan baya ku sani, matan Kudu sun daɗe suna zaɓe tun kafin 'yancin kai na 1960, amma matan Arewa ba su samu wannan dama ba sai a 1976, kuma zaɓen 1979 shi ne babban zaɓen ƙasa na farko da suka shiga. Irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri da duka a kan wannan magana, Malam Aminu Kano kuma ya daɗe yana faɗarta. Inna ba 'yar siyasa ba ce, amma ta ce ranar ce ta fara ganin mata sun yi layi a titi da rana tsaka don wani abin da ba biki ba, ba mutuwa ba.

A 1980 gwamnan Kano Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilimin manya, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci a unguwanni, har hukumar ta samu lambar yabo ta UNESCO a 1983. Inna ta so shiga. Ta je sau uku ko huɗu, ta ga ɗinki na taruwa, ga goyo, ga girki, ta bari. Ta ce sai ta samu sarari. Ku riƙe wannan a ranku, don ya dawo ya same ta.

Canjin kuɗi na soja

Tun kafin wannan lokaci matan unguwa sun mayar da ita uwar adashi. Mace ashirin ke zubi a hannunta duk Juma'a. Littafinta bangon ɗakinta ne. Kowace mace da layinta, in ta zuba sai a ja zane da gawayi. Kuɗin kuma a ƙulle a tsumma cikin kwalla, a ƙarƙashin gado.

A ƙarshen watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sanar a rediyo cewa an canza launin takardun naira. Aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin kuɗi banki. Wanda bai kai ba, nasa ya zama takarda. Inna tana riƙe da zubin mata, har da ajiyar wasu da ke tara kuɗin kayan ɗakin 'ya'yansu. Ba ta da asusu, ba ta taɓa taka banki ba, layi kuma tun daga ƙofa har titi. Baba yana kwance ba lafiya. Sai ta ba wani mutum da ke karɓar na matan unguwa yana kai musu. Ya dawo da abin da bai kai ba, ya ce haka aka ba shi. Babu takarda, babu shaida, ita kuma ba ta iya rubuta abin da ta damƙa masa ba, balle ta sa shi ya sa hannu.

Ba ta gaya wa matan ba. Ta aika aka kira dillali, ya ɗauki keken. Ranar Juma'a wadda ke da kwasa ta zo ta karɓi kuɗinta cif, sababbi. Sai bayan shekaru babbar yayarmu ta ba ni labarin. Na tambayi Inna me ya sa ba ta raba asarar da su ba, tunda ba laifinta ba ne. Ta ce, "Auta, keke ana sake saye. In aka ce kuɗi sun yi ciwo a hannunki, wa zai ƙara ba ki?" Ba ta sake sayen keken ba kuwa, don abin da ya biyo baya bai bar ta ba.

Kasko

Shekarun nan sun yi wa talaka nauyi. Tun 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, ana layin sabulu da madara da shinkafa. Masana'antu suka rasa kayan aiki suka riƙa rage ma'aikata, Baba yana ciki. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, komai ya tashi. Shekara guda bayan haka Baba ya rasu. Inna ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta fita, ta kafa kasko a ƙofar gida. Koko da ƙosai da safe, alala da rana, wani lokaci dafa-duka da yamma.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi yi min wuyar rubutawa. Yayyena mata duk sun yi aure. Saura maza biyu a sakandare, sai ni a aji uku na firamare. Ciniki a ƙofar gida ba ya isa, sai an kai tasha da bakin gareji. Wata safiya ta ce in ajiye jakata in ɗauki faranti, zuwa bayan hutu. Hutun bai ƙare ba har aka yi min aure. Da kuɗin ƙosan da na yi talla yayyena biyu suka gama makaranta, ɗaya ya zama malami, ɗaya ma'aikacin lafiya.

Wallahi na riƙe wannan a raina shekaru masu yawa. In na ga sa'o'ina da fararen kaya za su wuce makaranta sai in juya baya. Ban taɓa faɗa mata ba, ai ba a yi wa uwa haka. Amma ta sani.

Ungozoma

Wannan sana'ar ta daɗe tana yin ta a gefe. Uwar mijinta ungozoma ce, tana bin ta tana riƙe mata fitila, har ta gaje ta. Ba sana'ar kuɗi ba ce. Sabulu ne, da turmin zani in gidan masu hali ne, da kasonta na naman suna. Ko ƙarfe nawa aka buga ƙofa za ta yafa mayafi ta fita. Ita ce yankan cibiya, ita ce wankan jariri, ita ce dama kunun kanwa, ita ce tsayawa a kan wankan jego.

Da ma'aikatan lafiya suka fara tara ungozomomi suna koya musu, tana cikin waɗanda suka je. Ta dawo da sabon tsari: sabuwar reza ga kowace haihuwa, wanke hannu da sabulu, babu shafa wa cibiya toka ko wani abu. Ta daina yankan gishiri, ta hana a yi a gabanta, don ta ga yaran da doguwar naƙuda da yanka suka bari da yoyon fitsari. In naƙuda ta kwana, ko jini ya ɓalle, ko mace ta fara jijjiga, ba ta tsayawa jiran rubutu. Za ta fita zaure da kanta ta ce wa maigida, "Malam, a nemo mota." Akwai mazan da suka ji haushinta a kan haka, akwai kuma matan da ke karanta wannan takarda yau saboda haka.

Dillanci da kiwo

Da ta manyanta, ba miji, ba ƙaramin yaro, sai fita ta yi mata sauƙi. Hayaƙi kuma ya fara taɓa mata ido. Ta bar kasko ta koma dillanci. Ta ɗauko atamfa a Kantin Kwari, kwanuka a Kasuwar Rimi da Sabon Gari, ta bi gidajen matan kulle. Samira, fanteka, langa, kwalla, daga baya kuloli. Wadda ta matsu ta ba ta zani ko ɗan kunne ta sayar mata a asirce, ta cire la'adarta, ba mai ji. Bashin gida talatin yana kanta, ba ta haɗa na wata da na wata. Ita ce ta fara kai ni Kasuwar Rimi, ta haɗa ni da mutanen da har yau nake sarin kaya a wajensu.

A zamanin ne, daga 1987, Maryam Babangida ta kawo shirin Better Life, aka riƙa cewa mata su kafa ƙungiyoyi a ba su rance da injuna. Inna ta shiga wata a unguwa, suka samu injin markaɗe. Bai yi shekara biyu ba ƙungiyar ta watse. Babu littafi, babu mai binciken kuɗi, inji ya lalace aka rasa wa zai gyara, kowa na zargin kowa. Ta koma adashinta. Da muka zo kafa tamu, tambayar farko da ta yi min ita ce, "Wa zai riƙe muku littafi, kuma wa zai duba mai riƙewar?"

Wayar hannu ta shigo a 2001. A hankali matan da ke jiran dillaliya suka fara kiran 'yan kasuwa da kansu, yanzu ma har hoto ake turo musu su zaɓa. Gwiwoyinta kuma suka gaji. Sai ta zauna gida ta kama kiwo. Ta sayi ɗan rago bayan Salla, ta yi ta ba shi dusa da harawa da ƙaiƙayi, wata Sallar ta sayar. A gefe tana ƙulla daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Da kuɗin raguna da gudummawar yayyena ta sauke farali. Unguwa ta koma kiran ta Hajiya, mu dai Inna muka sani.

Bashin da ta ce ta ci

Ina da shekara talatin da 'yan kai na shiga ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu, bayan wani ya cuce ni a rasit. Inna ce ke riƙe min yara in na tafi. Ranar da aka ba mu takardar shaida na kai mata. Ta karɓa ta riƙe ta a juye, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Auta, duk zubin da aka ba ni na mayar. Naki ne kaɗai na ci ban biya ba." Na rasa abin cewa, sai kuka. Ta ce in yi shiru, ba kuka ta ce in yi ba, in kawo mata 'yata ta fari.

Daga wannan shekara ragon farko da ta sayar duk Salla na makarantar yarinyar ne. Ta kafa doka, jikarta mace ba ta ɗaukar faranti. Yarinyar tana kwalejin horar da malamai yanzu. Ni kuma na daina ganin laifinta. Na zauna na yi lissafin da ta yi a 1987, da kasko ɗaya da baki huɗu, ban ga yadda zan fitar da shi dabam ba. Abin da ta rasa a ranar shi ne inda za ta ranci jari ba tare da ta cire ɗiyarta daga aji ba. Wannan wurin shi ne muke da shi yanzu.

Ta ga wani canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, muka riƙa sayen naira da naira a wajen masu POS. Kun tuna yadda kasuwa ta tsaya. Ta kira ni ta ce, "Kuɗin mutane fa?" Na ce suna asusun ƙungiya a banki, kowace da lambarta a littafi, ko kwabo ba zai yi ciwo ba. Ta sa na ɗauko littafin na karanta mata sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da na gama ta ce, "To, ke ba za ki sayar da keke ba."

Abin da nake roƙo

Na ji an ce tun 1935 Turawa suka yi dokar ƙungiyoyin gama kai a Nijeriya. To iyayenmu suna adashi ba su san da wata doka ba. Abin da muka ƙara a kan nasu shi ne rajista da littafi da asusu. Amanar kuwa a wajensu muka gada, kuma ita ce ba a saye. Don haka ina roƙon 'yan uwana da ke riƙe da rance, wadda wa'adinta ya wuce ta zo a zauna a yi magana, kada ta ɓuya. Kuɗin nan wata ce ke jiran su, wataƙila tana tsaye ne tsakanin jaka da faranti kamar yadda Inna ta tsaya.

Na biyu, wadda ba ta iya karatu ba ta zo aji. Ba a girma da shi. Ni shaida ce.

Na uku, duk mai uwa ko kaka a raye, ta zauna da ita a wannan mako ta tambaye ta sana'a nawa ta yi, me ya sa ta bar kowace. A sa yara su rubuta. Ni sai da ƙasa ta rufe ido na gane akwai tambayoyin da ban yi ba. Ban san sunan Bayarabiyar da ta koya mata ɗinki ba, ban san nawa aka sayi keken ba. Ina ba kwamiti shawara a ware shafi ɗaya a mujallar kowace shekara don irin wannan, mu riƙa kawo na iyayenmu bi da bi.

Allah Ya jiƙan Inna da Baba da dukkan iyayenmu da suka riga mu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Waɗanda ke raye Allah Ya ba mu ikon kyautata musu. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu da zuri'armu, Ya maimaita mana.